Ƙafa ɗaya, sau biyu: yadda Morné Steyn ya bar magoya bayan Zakunan Birtaniya da ƙidayar shekaru

Ranar Asabar 7 ga Agustan 2021, gab da magariba a agogon Yamai, wani ɗan wasa mai shekara 37 ya kafa ƙwallo mai siffar ƙwai a kan ciyawar filin wasa na Cape Town, ya ja da baya, ya ɗaga kai ya dubi sandunan da ke gabansa. Maki 16 da 16 ne, kuma abin da ya rage a tashi bai kai minti biyu ba. Filin, wanda aka gina domin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa ta 2010, babu mai kallo ko ɗaya a kujerunsa saboda annobar korona. Babu ihu, babu fito. Ya buga, ƙwallo ta ratsa tsakanin sanduna, Afirka ta Kudu ta ci 19 da 16.

Sunan mutumin Morné Steyn. A Cardiff da Dublin da Edinburgh da Landan, duk mai bin ƙwallon zari-ruga da ya haura shekara talatin bai jira ya ga inda ƙwallon za ta faɗa ba. Tun lokacin da ya ga Steyn ya taso daga benci ya san an taɓa yin wannan, domin shekara 12 kafin nan, a Pretoria, wannan ƙafar ce ta yi masa irin wannan aika-aika.

Masu karatu da yawa a Maraɗi ko Damagaram ba su taɓa zama sun kalli zari-ruga daga farko har ƙarshe ba. Waɗanda ke zaune a Toulouse ko Bordeaux kuwa sun san yadda gari ke ɗaukar zafi ranar wasa, ko da ba su gane dokokinsa ba. Amma ba sai ka san doka ba kafin ka gane ciwon mai goyon bayan da aka doke tawagarsa a ƙasar wasu, kuma aka ce masa ramuwa sai bayan shekara goma sha biyu.

Tawagar da ba ta da gida

British and Irish Lions, wato Zakunan Birtaniya da Ireland, tawaga ce da babu irinta a ƙwallon ƙafa. Ingila da Scotland da Wales da Ireland, ƙasashe huɗu da ke gwabzawa da juna duk shekara a gasar ƙasashe shida ta Turai, sukan zaɓo gwanayensu sau ɗaya a shekara huɗu, su sanya musu jar riga guda, su tura su yawon wasa. Al'adar ta faro tun 1888. A yanzu ƙasashe uku ake zagayawa: Ostiraliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Kowace ƙasa ke nan sai bayan shekara 12 take ganinsu. Sukan yi makonni suna karawa da ƙungiyoyin larduna, sannan a rufe da manyan wasanni uku da tawagar ƙasar. Wanda ya ci biyu shi ke da nasara.

Babu kofin nahiya a ciki, babu cancantar shiga wata gasa. Amma dubban mutane kan yi shekaru suna tara kuɗi don su bi tawagar, su cika filaye da jajayen riguna har ka rasa gane wa ke gida wa ke baƙunta. Ɗan Wales da ɗan Ingila, waɗanda a watan Fabrairu ba sa ga maciji, a watan Yuli sai ka gan su kafaɗa da kafaɗa suna waƙa ɗaya.

A nan ciwon ya bambanta da wanda muka saba. Ƙungiyarka ta ƙwallon ƙafa in ta faɗi yau, mako mai zuwa akwai wani wasa. Ɗan kokawar da aka kayar a gasar takobi zai koma jiharsa ya shirya, baɗi ya dawo fage. Su Zakuna, da zarar alƙali ya hura usur na ƙarshe, tawagar ta watse ke nan. Waɗannan mutanen ba za su sake haɗuwa su buga tare ba. Kuma da wuya ɗan wasa ya kai shekara 12 yana kan ganiyarsa har ya koma ƙasar da aka doke shi.

Ga wanda bai san lissafin wasan ba: mutum 15 ne kowane ɓangare, minti 80. Wanda ya dire ƙwallo da hannu a bayan layin abokan karawa ya samu maki 5, in an bi da bugu tsakanin sanduna a ƙara 2. Idan aka yi maka laifi aka ba ka fanareti, kana da zaɓi: ko ka buga tsakanin sanduna ka ɗauki maki 3, ko ka buga ƙwallo waje kusa da kusurwa ka nemi 5 ko 7 da ƙarfin turereniya. A riƙe wannan zaɓin, domin shi ne rabin labarin.

Pretoria, 27 ga Yunin 2009

A ɗauki misalin mutumin Wales mai shekara 35 a wancan lokacin, wanda ya tara kuɗin jirgi da masauki ya sauka a Afirka ta Kudu. Akwai irinsa dubbai. An doke Zakuna 26 da 21 a wasan farko a Durban, don haka wasa na biyu a filin Loftus Versfeld na Pretoria ya zama na a-mutu-ko-a-yi-rai.

Har yau masana wasan na sanya wannan karawa cikin mafi zafi da aka taɓa yi. Tun a minti na farko aka ba Schalk Burger na Afirka ta Kudu katin gargaɗi saboda kai yatsu idon Luke Fitzgerald, laifin da magoya bayan baƙi suka rantse jan kati ya kamata. Zakuna suka tafi hutu da 16 da 8, suka ƙara zuwa 19 da 8. Daga nan jiki ya fara gazawa. Gethin Jenkins da Adam Jones, ginshiƙan gaba a turereniya, suka fita da rauni. Brian O'Driscoll da Jamie Roberts, waɗanda suka hana ƴan gida sakat a tsakiya, su ma suka fita. Bryan Habana ya dire ƙwallo, Jaque Fourie ya dire, aka koma 25 da 25 lokaci na ƙarewa.

Canjaras zai bar wa Zakuna damar raba nasara a wasa na uku. Ronan O'Gara na Ireland, wanda ya shigo daga benci kuma ya riga ya sha bugu a kai, ya karɓi ƙwallo a yankinsu. Maimakon ya fitar da ita waje a tashi, sai ya ɗaga ta sama ya bi ta da gudu, ya ci karo da Fourie du Preez yana sama bai sauko ba. Laifi ne. Fanareti daga nisan fiye da mita 50, daga cikin rabin filin Afirka ta Kudu.

Steyn, mai shekara 24 a lokacin, mako guda ke nan da fara buga wa ƙasarsa. Amma Loftus filin ƙungiyarsa ce ta Bulls, kuma Pretoria na kan tudu, iska ba ta da nauyi, ƙwallo na yin nisa fiye da a bakin teku. Ya buga ta shiga. 28 da 25. Mako na gaba Zakuna suka ci 28 da 9 a Johannesburg, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Mutuminmu ya koma gida da sunan da zai ɗora wa laifi. O'Gara, wanda watanni uku kafin nan bugunsa ne a Cardiff ya ba Ireland nasarar lashe duk wasanninta a gasar ƙasashe shida, karon farko tun 1948, ya zama wanda ake zagi a mashayar Wales da Ingila. Ƴan Ireland kuma suka tsaya masa, suna tambayar wa ya bar mutum mai rauni a kai cikin fili. Haɗin kan jar riga bai kai filin jirgi ba.

Ziyarar da ba a je ba

Sai aka shiga jira. A 2013 Zakuna suka doke Ostiraliya biyu da ɗaya, a 2017 suka yi kunnen doki da New Zealand. Duk da haka idon masu irin shekarun mutuminmu na kan 2021, shekarar komawa inda aka ji ciwo. Da yawa sun biya kuɗin tafiya tun da wuri.

Korona ta rushe komai. An yi ta shawarar ko a ɗage ziyarar, ko a mayar da ita Birtaniya, Ostiraliya ma ta yi tayin karɓar baƙunci. A ƙarshe aka tsaya kan Afirka ta Kudu, ba tare da ƴan kallo ba, kuma manyan wasannin uku duk aka tattara su a Cape Town. Ƙasar kanta na cikin wani hali: cutar na kan ganiyarta, ga tarzomar watan Yuli da ta biyo bayan ɗaure tsohon shugaba Jacob Zuma, wadda ta ci rayuka fiye da 300. Mutumin da ya yi shekara 12 yana mafarkin tsayawa cikin jajayen riguna, ya tsinci kansa a kan kujerar falonsa, yana da shekara 47, yana jin muryoyin ƴan wasa na amsa-kuwwa a filin da babu kowa.

A kan takarda, dama ta fi ta 2009. Springboks, kamar yadda ake kiran tawagar Afirka ta Kudu da sunan wata irin barewa, su ke riƙe da kofin duniya na 2019, amma tun daga wasan ƙarshe na wannan gasa ba su buga wasan ƙasa da ƙasa ba sai ɗaya tak, da Jojiya, a farkon Yulin 2021. Cutar ta shiga sansaninsu, ta kama har da kyaftin Siya Kolisi. Su kuma Zakuna sun samu labarin da ke ƙara wa mai goyon baya imani: kyaftin ɗinsu Alun Wyn Jones ya goce a kafaɗa a wasan share fage da Japan ranar 26 ga Yuni, aka ce ya fita ke nan, sai ga shi ya dawo cikin makonni uku ya jagoranci wasan farko. Suka ci 22 da 17.

Abin da ya biyo baya ya fi wasan kansa yin suna. Rassie Erasmus, daraktan zari-ruga na Afirka ta Kudu, wanda ke shiga fili da sunan mai kai wa ƴan wasa ruwa, ya bayyana a wani bidiyo na minti 62 yana tsefe hukunce-hukuncen alƙalin wasa Nic Berry ɗaya bayan ɗaya. Daga baya hukumar zari-ruga ta duniya ta dakatar da shi, amma hakan sai a watan Nuwamba, bayan an gama komai. Wasa na biyu ya zama na gardama da komawa ga bidiyo a kan kowane motsi, rabin farko kaɗai ya haura awa guda. Afirka ta Kudu ta ci 27 da 9.

Minti 80 na ƙarshe

A wasa na uku, rauni ne ya yi wa Zakuna gyaran da koci Warren Gatland bai yi ba. Dan Biggar ya fita tun wajen minti na 11, Finn Russell na Scotland ya shigo, mutum mai son raba ƙwallo da hannu maimakon yawan bugawa sama. Nan da nan wasan ya buɗe. Ken Owens ya dire ƙwallo daga turereniya, Zakuna suka kai 10 da 3.

Daga nan aka fara zubar da abin da ke hannu. Liam Williams ya ɓalle ta gefe, ga Josh Adams a kusa da shi babu mai tsaronsa, bai miƙa masa ba. An samu fanareti a wurin da Russell zai iya ɗaukar maki 3, aka zaɓi kusurwa, Tom Curry ya yi laifi a turereniyar, dama ta tafi. Aka je hutu 10 da 6, alhali tazarar ta cancanci fin haka. Bayan hutu Handré Pollard ya ɓarar da bugu biyu, sa'ar da ba a yi amfani da ita ba. Sai Cheslin Kolbe, ɗan ƙaramin mutum a cikin ƙattai, ya karɓi ƙwallo a gefen dama ya kauce wa mutum biyu ya dire. An daɗe ana duba bidiyo ko ƙwallo ta taɓa hannun wani ta yi gaba kafin nan. Aka ce babu laifi.

Wajen minti na 65 aka cire Pollard aka sako Steyn, wanda rabonsa da rigar ƙasa tun 2016, kuma ya shafe shekaru a Stade Français ta birnin Paris kafin ya koma Bulls. Ya buga ɗaya, 16 da 13. Zakuna suka sake samun fanareti, suka sake zaɓar kusurwa, aka riƙe Mako Vunipola a kan layi bai dire ba. Russell ya rama daga baya, 16 da 16. Sannan aka zo bugun da muka fara da shi.

Alun Wyn Jones na cikin tawagar da aka doke a Pretoria. Gatland ma yana can a 2009, a matsayin mataimakin koci. Su biyun, kamar mutumin falo, sun ga abin sau biyu.

Neman mai laifi

Abin da mai goyon baya ke yi bayan irin wannan faɗuwa yana da tsari, kuma duk wanda ya taɓa zama a majalisar kallon ƙwallo ya san shi. Da farko shiru. Sannan alƙali. Mai usur a ranar Bafaranshe ne, Mathieu Raynal, amma mai duba bidiyo, Marius Jonker, ɗan Afirka ta Kudu ne, an sa shi ne saboda dokokin korona sun hana wanda aka tsara daga New Zealand zuwa. Ga mai neman inda zai rataye baƙin cikinsa, wannan ƙusa ce a shirye. Ga kuma bidiyon Erasmus, wanda da yawa suka ɗauka ya tsorata alƙalai.

Da gari ya waye sai rigar ta fara yagewa ta ɗinkinta. Ɗan Scotland na cewa da an fara da Russell tun farko da ba haka ba, ya manta cewa Russell ya yi makonni yana jinyar agara. Ɗan Ingila na nuna Williams da ya ƙi miƙa ƙwallo, ɗan Wales na nuna Curry. Ɗan Ireland kuma bai taɓa yafe wa Gatland ajiye O'Driscoll a wasan ƙarshe na 2013 ba, duk da cewa an ci wancan wasan 41 da 16. Kowa ya koma ƙasarsa tun kafin ƴan wasa su hau jirgi.

A ganina, a cikin duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe ɗaya ne ke da nauyi, kuma shi ne wanda ya fi wuyar haɗiya, domin babu baƙo a cikinsa. Tazarar maki uku ce. Zakuna sun bar maki uku a ƙasa fiye da sau ɗaya da hannunsu. Gaskiya ne irin wannan zaɓin ne ya ba su maki bakwai ta hannun Owens, kuma da ya sake ci da an kira shi jarumta. Amma Afirka ta Kudu ta ajiye mutum mai shekara 37 a benci saboda aiki guda, ta san wasa irin wannan da ƙafa ake rufe shi. Baƙi sun zo da shirin doke zakarun duniya da salon zakarun, wato ƙarfi da buga ƙwallo sama, a wasanni uku suka dire ƙwallo sau biyu kacal, duka daga turereniya. Mai goyon baya na iya jure faɗuwa idan ya ga an gwada duk abin da ake da shi. Abin da ya ga Russell ya yi cikin minti 70 ya nuna masa ba a gwada ba.

Akwai wata tambaya da ta taso a makonnin da suka biyo baya, wadda ta fi sakamakon girma: shin tawagar na da ma'ana idan babu masu bin ta? Ƙungiyoyin Ingila sun daɗe suna ƙorafin sakin ƴan wasansu, ana ta rage yawan wasannin ziyara. Filin Cape Town da babu kowa ya nuna cewa jajayen rigunan kan kujeru su ne rabin abin da ake sayarwa.

Ɗaya gefen filin

Mai karatu a nan zai iya cewa: to mu ina ruwanmu da kukan Bature, ai ƴan Afirka ne suka ci. Da gaskiyarsa, kuma tarihin ya fi haka daɗi. A 1974, lokacin mulkin wariyar launin fata, Zakuna sun je Afirka ta Kudu ƙarƙashin Willie John McBride duk da adawar gwamnatin Birtaniya, suka yi wasa 22 ba a doke su ba. Baƙaƙen fata da aka killace a wani lungu na filayen su ne suka fi kowa yi wa baƙin tafi, domin a wurinsu koriyar rigar Springboks rigar masu danne su ce. Faɗuwar ƴan gida ita ce murnarsu.

Shekara 47 bayan haka, wanda ya ɗaga kofin a Cape Town shi ne Kolisi, ɗan unguwar Zwide ta talakawa kusa da Gqeberha, baƙar fata na farko da ya zama kyaftin ɗin tawagar a 2018. Jikokin masu yi wa baƙi tafi a 1974, da yawansu ranar suna gaban talabijin suna addu'ar ƙwallon Steyn ta shiga. Su ma ba a bar su sun shiga filin ba, su ma sai bayan shekara 12 za su sake ganin jar riga a ƙasarsu.

A 2025 Zakuna sun je Ostiraliya da jama'arsu, suka ci biyu da ɗaya. A Melbourne, gaban mutum fiye da 90,000, Hugo Keenan ya dire ƙwallo a minti na ƙarshe aka tashi 29 da 26, ƴan Ostiraliya suka kwana suna gardamar hukuncin alƙali, kamar yadda aka bar wasu suna yi a 2021. Mutumin Wales ya yi murna, amma ba Ostiraliya ce ke riƙe da bashinsa ba. Rabon Zakuna da cin Afirka ta Kudu tun 1997, lokacin da Jeremy Guscott ya rufe wasan Durban da bugu, 18 da 15.

Idan aka bi zagayen da aka saba, New Zealand ce a 2029, Afirka ta Kudu a 2033. Mutuminmu zai kai shekara 59. Steyn, wanda ya yi ritaya a 2023, zai cika 49 a watan Yulin wannan shekarar, kuma akwai waɗanda a Cardiff ba za su natsu ba sai sun karanta sunayen ƴan benci sun tabbatar babu nasa.